Tashar da Ke Kan Ganguna

Kowace Asabar bayan la'asar,
a garejin Haladu Mai-tuta, can bayan Cikaji,
mukan taru mu bakwai, wata rana shida,
mu yaye tsohon zanin gado daga kan Zariya.

Zariyar tamu kamu goma sha biyu ce,
ƙyaure uku muka jera bisa ganguna.
Kufena buhun siminti ne da ya sha sitaci,
Kubanni kuwa fasasshen madubin matar Dogara,
har yau ba ta san inda ya shiga ba.

Komai ɗaya ne bisa tamanin da bakwai.
Dogara ya kafa wannan doka,
malamin lissafi ne, ya yi ritaya, rularsa ta ƙi yi.
Ranar da na kawo akuyar da na sassaƙa
ya auna ta, ya ce, "Wannan ai ta fi raƙumi.
Ko ka rage ta, ko ka yanka mana ita."

Baba Ojo ya shekara talatin yana huda tikiti,
yanzu dalma yake narkawa da hannu mai rawa.
Kan jirginsa gwangwanin madara ne da injin tsohuwar rakoda,
amma ko ƙusa ɗaya bai manta ba.
Shi da Haladu sun shekara biyu suna musu
kan launin rufin tasha a zamanin jirgin kwal,
wannan ya ce ja, wancan ya rantse ruwan ƙasa ne.
Muka shafa wa kowa ɓarinsa,
aka zauna lafiya.

Ni aikina mutane.
Da totuwar kara da reza nake fito da su:
mai rake, ɗan dako, soja na barci kan akwati,
da yaron da ya ɓace wa uwarsa tun bara,
ban kuwa sassaƙa uwar ba tukuna.

Masu wucewa kan leƙo su ce,
ga tsofaffi da furfura suna wasan yara.
Ba ma tankawa.
Wanda bai taɓa jin ƙasa na motsi a tafin ƙafarsa ba
tun kafin jirgin Ƙaura ya ɓullo,
me za ka gaya masa?

Asabar waccan aka ɗauke wuta
jirgin auduga na tsakiyar gada.
Ladidi jikar Haladu ta kunna fitilar waya,
ta sa yatsa tana tura taragai,
Ojo na yi mata kukan jirgi da baki.
Haladu, da yanar ido ta rufe masa gari,
ya karkata kunne, ya ce, "Rage gudu,
akwai kwana kafin ki shiga tasha."
Akwai kuwa.

Sannan ya lalubo hannun rigata.
"Ka yi mini mace guda, mai tallan gyaɗa,
shuɗin kallabi, ɗan tabo a haɓa.
Kada ka sa ta cikin fasinja,
gefen famfo za ka tsayar da ita.
Nan take tsayawa."

Na ce, Baba, a wannan ma'auni tabo ba zai fito ba.
Ya ce, "Kai dai sa shi."

Kwana huɗu ina fama da bakin allura,
sau uku tana karyewa a wuya.
Ta huɗun ta ɗan fi sauran mutane tsawo.
Dogara ya zaro rularsa, ya dube ta, ya dubi Haladu,
ya mayar da rular aljihu.

Yau tsoho ya shafa ta da ɗan yatsa.
Ya daɗe.
Shayinmu ya huce, ba wanda ya yi tari.
Can ya ɗaga koriyar tutarsa da ta koɗe,
ya ce wa Ladidi, "Hanya ta buɗe.
Sake shi, amma a hankali wajen famfo."